Masu Ƙorafi Aka Fara Gaisarwa

Ƙasimu mai gyaran keken ɗinki mutum ne da ya fi tsoron bakin mutane a kan ciwo. A ƙasar Birnin Gwari aka haife shi, amma Agege ta Legas ta cinye masa shekara talatin a cikin wata 'yar rumfa, kullum farcensa baƙi da man keke. Rabonsa da gida shekara tara. Idan aka tambaye shi sai ya ce hanya ce ba kyau. Gaskiya ne, amma har da nawa irin tasa.

Da 'yarsa Bushira ta haihu a Kaduna, washegari ya shiga mota, ya biyo ta Mokwa da Tegina, ya sauka gidan yayarsa Hajjo a Birnin Gwari ƙafafu a kumbure. Kwana uku kacal gare shi a garin kafin ya wuce suna.

Mutum ɗaya ya fi ɗokin gani, wato Andrawus. Gonakin iyayensu iyaka ɗaya suke a wani ƙauye cikin daji, ta wajen hanyar Kaduna. Tare suka kori tsuntsaye a gero, tare suka sha bulala in sun yi barci. Da mahaifin Ƙasimu ya rasu dangi suka dawo gari, Andrawus ne ya riƙe gonar, kuma duk kaka sai buhunan dawa sun iso gidan Hajjo ba wanda ya aika masa. Ko a shekarun da 'yan bindiga suka sa shiga gona ya zama sai da rai, bai fasa ba.

To amma wanda ya shekara tara bai zo ba, gaisuwar mutuwa ce jibge ke jiransa. Hajjo ta zaunar da shi ta jero masa gidaje, har da na waɗanda aka sace aka sako, da za a yi wa barka. Kuma abin da tsarinsa. Ba a fara da ƙarami kafin babba, ba a shiga gida a tsallake na maƙwabci, ba a tashi kafin a kawo fura. Ya ce Andrawus fa? Ta ce wannan ai ba ya fushi, a fara da masu ƙorafi. Ƙasimu bai musa ba, don shi ma abin da ke ransa ke nan.

Ranar farko ya shiga gida takwas, ya sha furar da ta ishi magina. Wata gwaggonsa ma ba ta gane shi ba, da sunan marigayi ƙanensa ta yi ta kiransa, shi kuwa yana amsawa. Rana ta biyu ta faɗo ranar kasuwa, ya haɗu da Tasalla matar Andrawus a gaban tiren daddawarta. Ta ce maigida ya ji labari, ya sa an share ɗaki tun jiya. Ƙasimu ya ce gobe da yardar Allah.

Goben nan ce kawunsa ya aiko cewa an gaishe shi a tsaitsaye kamar an zo ɗiban wuta. Maimakon ya bar tsohon da mitarsa, sai ya koma ya zauna ana ta labarin mutanen da, har aka kira la'asar. Bayan la'asar kuwa ba ɗan acaban da zai shiga dajin nan da baƙo. Sai ya ba wani mutumin ƙauyen da ke komawa gida saƙo: Andrawus ya fito bakin titi da safe, zai sa direba ya tsaya su gaisa. Har daɗi ya ji, a ganinsa ya yi dabara.

Da safe motoci suka jeru a bayan motar jami'an tsaro masu rakiya. Sai da suka yi nisa ya taɓa kafaɗar direba ya ce a ɗan tsaya masa a mararrabar gaba. Direban ya kalle shi ta madubi.

"Baba, yaushe rabonka da hanyar nan? A nan ko taya ce ta fashe ba ma tsayawa."

Ya roƙa, ya haɗa shi da Allah. Fasinjoji suka taso masa, wata mata ta ce in ya gaji da ransa su ba su gaji ba.

Can ya hango shi. Andrawus ya tsufa, ya sa rigarsa ta zuwa coci, zakara a hammata, jarkar zuma a gefen ƙafa. Bai san motar da zai duba ba, don haka kowacce ta zo sai ya ɗaga mata hannu. Ƙasimu yana tsakiyar kujera, ko taga bai kai ba. Ya kira sunansa, iska ta kwashe. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi har Kaduna.

Bayan suna, sai ya bi ta Abuja ya koma Legas, ya ce don hanya, amma ya san ba don ita ba ne. Mako na zagayowa Hajjo ta kira shi. Ta ce mutanen ƙauyen sun ce tun asuba Andrawus yake bakin titi, bai tafi ba sai azahar. Ya kawo zumar da kansa gidanta, ya kuma bar saƙo.

"Me ya ce, Yaya?"

"Ya ce ka yi haƙuri, wai shi ne bai fito da wuri ba."