Cocin Masunta a Bayan Huangpu

Wata Laraba cikin daminar 1998, tsohuwar da muke kira Apo ta kama hannun rigar Babana a ƙofar cocin ƙauyensu, ta ƙi saki. Shekarata tara a lokacin, kuma ni ce tafintarsa, don Baba duk daɗewarsa a Guangzhou Sinancinsa bai wuce "laoban" (maigida) da "meiyou" (babu) ba, su ma da karin Kananci.

Duk ranar da za a yi lodin kwanukansa a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, a ƙauyen masuntan nan muke zaman jira. Apo ce mai share cocin. Ita ke jawo wa Baba ruwan alwala a rijiya ya yi sallarsa a gindin bishiya, ni kuwa in taya ta shanyar ƙananan kifi, in kore kyanwoyi, in na gaji in bi yaran ƙauyen farautar ƙaguwa a laka har in dawo ba a gane ni. Ginin ɗan mitsitsi ne, bangonsa duk ɓawon dodon koɗin teku. Apo ta ce da can coci uku ne jere a bakin gaɓa, kowanne da ƙararrawar da ake kaɗa wa masu kwalekwale in hazo ya rufe. Guguwa ta ci ɗaya, titi ya ci ɗaya. A bayan na ukun, wannan da ya rage, aka binne mijinta.

Ran nan mun tarar an shafa wa bangon jan fenti, alamar rusau, za a faɗaɗa filin ajiye kwantena. Apo ta ce baƙi ne daga ƙetaren teku suka kafa cocin zamanin kakanninta, saboda haka in baƙo ya je ya yi magana, hukuma za ta saurara. A wurinta baƙo baƙo ne, Bature ne ko Bakano.

Na fassara. Baba, wanda bizarsa ma saura ƙiris ta ƙare, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Gaya wa Iya ba ni da baki a ƙasar nan. Kwantenar da za a jibge ɗin ma, har da tawa."

Na faɗa mata. Ta saki rigar, ta gyara masa inda ta yamutse, sannan ta dubi bayan cocin, inda kabarin mijinta yake, ta ce, "Tambaye shi, suna da nauyi sosai?" Ni kuwa kuka ya ƙwace mini.

Bara na koma lodin nawa kayan. Inda muke shanya kifi yanzu siminti ne shimfiɗe, kwantena bisa kwantena, ba wanda ya san an taɓa yin ƙauye a wurin. Na tsaya ina kallo ana sauke tawa a hankali. Suna da nauyi, Apo.