Na'am a zauren Malam

Jiya a Maigatari na wuce wani gida ana dafa tawada. Ƙamshin ƙaro ya buge ni, sai ga Malam a idona, zaune bisa buzunsa a zauren nan na Gumel, yatsunsa baƙi ƙirin.

Shekarar da Turawa suka ɗebi 'yan dako zuwa yaƙin Kamaru, an ce gidanmu a ba da mutum ɗaya. Baba ya ce a bar mai karatu, aka tafi da yayana. Bai dawo ba. Ni kuwa da aka bari, ko baiti ɗaya ba ya zama a kaina.

A zauren, in ɗalibi ya ja baiti Malam ya fassara, sai ɗalibin ya ce na'am. Ran nan muna waƙar wani da ke kukan ɗan'uwansa. Malam ya fassara, na yi shiru. Ya sake, na yi shiru.

Ya ce, "Ka haɗiye na'am ɗin taka?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban gane ba. An yi asarar mutum saboda ni."

"Na'am ba 'na gane' ba ce, 'ina nan' ce."

"Ina nan ɗin ce ke damuna."

"To, zauna da ita. Ja baitin."

Na ja.

Ban zama malami ba, gero nake nomawa a Gagarawa, gwiwoyi sun gaji. Allah ya haskaka kabarin Malam. Ranar da za a kira mu, Allah ya sa in ji na'am ɗinsa da ta yayana kusa da tawa.