Gonar Zaitun ɗin Maigidana

A unguwar Harra ta Yamma da ke Madina aka haife ni, a gidan da kakanmu ya gina bayan ya gama aikin hajjinsa ya ƙi komawa Kano. A wurinmu in an ce za a fita shan iska, abu ɗaya ake nufi. A loda darduma da filas ɗin shayi da tukunyar shinkafa a mota, a fita bayan Madina, a sami gefen titi a shimfiɗa, a zauna. Zaman shi ne fitar. Duk wanda ka ga ya miƙe yana tafiya da ƙafa, to wani abu ya manta a mota.

Da wannan tarbiyya muka sauka tsibirin Malta. Wurin aikin maigidana ne suka tura shi koyon Turanci na shekara guda, ya tafi da ni da 'yan matanmu biyu. Muka kama haya a saman gidan wata tsohuwa 'yar garin, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa.

Fitarmu ta farko, baban yara ya yi mata shiri irin na tafiya Makka. Ya duba tayoyi, ya cika jarkar ruwa, ya karanta addu'ar tafiya har ƙarshe, ya kuma sanar da mu cewa azahar ɗin yau kasaru za a yi. Ban gama zuba shayi kofi na biyu ba titi ya ƙare, teku ta tare mu. Ya juya mota ya nufi ɗaya gefen, can ma teku. Ya fito ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallon ruwan kamar wanda aka yi wa rashin kunya, ya ce, "Wannan ai ba ƙasa ba ce, faranti ne." Raka'a huɗu muka yi cif.

Da zafi ya fara sauƙi, Innata ta zo mana ziyara. Inna ba ta san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, kuma ba ta ga dalilin sani ba. Hausa take yi da Larabcin Hijaz, ta cakuɗa su yadda ta ga dama. Na yi ta tunanin kaɗaici zai dame ta. Kwananta biyu da zuwa na leƙo ta taga na hango ta zaune a ƙofar gida da tsohuwar nan, suna hira har da tafawa. Ashe yaren mutanen tsibirin ɗan uwan Larabci ne da ya yi nisan kiwo. Burodi, mai, ruwa, gida, ƙidaya, duk sunayen sun yi kama da namu. Inna ta hawo sama da murna ta ce, "Ke, baiwar Allahn nan fa Allah take kira a kowace magana." Na ce mata ai coci take zuwa. Ta ce, "To, ni dai na ji da kunnena."

Wannan abu bai yi wa maigidana daɗi ba. Wata bakwai yana zuwa makaranta da jaka, amma in tsohuwar ta yi masa Turanci sai ya ce ta maimaita, ga Inna kuma daga zuwanta har ta san ciwon gwiwar matar da sunayen jikokinta.

Wata ranar Alhamis tsohuwar ta tare shi a matakala ta yi masa magana mai tsawo. Ya shigo yana fara'a ya ce an gayyace mu gonar zaitun ɗin ƙaninta ranar Asabar, za a ci abinci a ƙarƙashin itatuwa.

Inna ta ce, "Anya? Ni dai ce mini ta yi tsinkar zaitun za a yi, suna neman hannu."

"Inna, da Turanci ta faɗa mini."

"Ni kuma da bakinta ta faɗa mini."

Ya yi murmushin da ake yi wa manya, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ni ne fa nake makarantar." Sai daga baya muka gane cewa a Turanci kalmar tsinka da kalmar cin abinci a kan ciyawa sun yi kama da juna, shi kuma ya zaɓi wadda ta fi masa daɗi.

Ranar Asabar ya fito cikin farar jallabiyarsa ta Juma'a, an goge ta har tana ɗaukar ido, ya fesa turare. Na dafa shinkafa da kaza cikin babbar tukunya. Inna kuwa, na lura tsohuwar abayarta ta saka.

Gonar tana kan wani tudu, an kewaye ta da katangar duwatsu. Muna isa muka tarar da mutane kusan goma cikin tsofaffin kaya, an shimfiɗa raga a ƙarƙashin kowace bishiya. Maigidana ya sauko da darduma a kafaɗa yana neman inuwa mai kyau. Ƙanin tsohuwar, wani gajeren dattijo mai ƙaton hannu, ya zo ya rungume shi, ya karɓi dardumar ya jingine ta a katanga, ya miƙa masa wata 'yar manjagara ta roba da bokiti, ya nuna masa tsani.

Baban yara ya dube ni. Na dubi Inna. Inna ta dubi sama ta ce, "Masha Allah, yau garin ba rana."

Da kunya ta hana shi cewa a'a, sai ya tattare jallabiya ya hau. Yaran kuwa abin nema ya samu, suka shiga ƙarƙashin bishiya suna tsince-tsince, ina yi musu tsawa da Hausa suna ba ni amsa da Larabci.

Inna ta tsaya gaban wata tsohuwar bishiya ta daɗe tana kallonta. Duk rayuwarta a gwangwani ta san zaitun, yau ga shi a jikin uwarsa. Ta shafa ganyen, ta ce wannan itaciya ce mai albarka wadda aka ambata a Alƙur'ani. Sai ta tsinko ɗaya baƙi mai sheƙi, ta yi bisimilla. Tsohuwar ta taho da sauri tana ɗaga hannu tana cewa a'a, amma kafin ta iso Inna ta riga ta tauna.

Ban taɓa ganin fuskar mahaifiyata ta yi haka ba. Idanunta suka kawo ruwa, bakinta ya tsuke kamar bakin jaka. Ɗanyen zaitun ɗaci gare shi fiye da maɗaci, sai an jiƙa shi a ruwan gishiri makonni kafin ya ciwu. Na ce, "Inna, tofar mana!" Ta girgiza kai. Ta runtse ido ta haɗiye, ta fitar da ƙwallon kawai.

"Abin da Allah Ya yi rantsuwa da shi zan tofar a ƙasa?" in ji ta. Can ta ƙara da cewa, "Ba ni shayi. Sa sukari da yawa."

Daga nan ta sauke dardumar nan ta shimfiɗa, ta zauna da tsohuwar suna cire ganye daga cikin zaitun ɗin da ake kawowa. Ita kaɗai a cikinmu ta yi fita irin ta Madina. Da azahar ta buɗe tukunyar shinkafa, ma'aikatan suka ajiye burodinsu da tumatir suka kewaye ta. Ko ƙwara ba ta rage ba. Maigidana ya sauko daga tsani na ƙarshe, ya tarar da wuyan kaza. Jallabiyar ta yi ɗigo-ɗigon shuɗi da baƙi tun daga ƙirji har ƙasa, kuma har yau ba sabulun da ya fitar da su. A hanyar komawa Inna ta tambaye shi cikin ladabi ko gobe akwai makaranta.

Ana saura kwana uku Inna ta koma, dattijon ya kawo mana gwangwanin man zaitun babba, kore shar, mai kama maƙogwaro. Inna ta naɗe shi cikin zannuwa ta tafi da shi. A Madina ta sayi ƙananan kwalabe a Anbariyya ta ɗuɗɗura, ta raba wa maƙwabta da dangi har unguwar Bani Harisa. Duk wanda ta ba sai ta ce, "Surukina ne ya tsinko da hannunsa, a gonar can." Ba ta yi ƙarya ba. Amma kafin mu dawo, labari ya zama maigidana yana da gonar zaitun a Turai.

Na zaci zai gyara maganar. Ranar Juma'ar farko bayan dawowarmu, ina daga cikin gida na ji wani dattijon unguwa ya tare shi a ƙofa, bayan gaisuwa ya tambaye shi yaya gona, kuma bana za a samu man? Baban yara ya gyara murya.

"Wallahi Baba, sai addu'a," ya ce. "Bana ruwan sama bai yi yawa a can ba."