Burodin Da Na Gasa A Cikin Takaba

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina cewa nawa ba zai faɗu ba, yau dai na ce bari in sauke shi in huta. Ba zan kama sunan kowa ba, har da na ƙauyenmu. Ya isa in ce a gefen Gezawa muke, inda gona ke manne da gona. Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, irin wadda ake nuna wa amare a ce su yi koyi da ita. Ba na ɗaga ido a gaban surukai, ba na cin abinci suna gani, in an yi min magana ƙasa-ƙasa nake amsawa. 'Yar farina kuwa tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, saboda alkunyar ɗan fari da aka tashe mu a kanta. Ke nake ce mata, ko yarinyar nan. Ko faɗuwa ta yi a gaban mutane sai in kau da kai har wani ya ɗaga ta. Uwar mijina kullum tana yabona a kan haka, ni kuma yabon yana fasa min kai.

Mijina, Allah ya jiƙansa, manomi ne, amma da ƙuruciya ya yi aiki a gidan burodi a birni, hannunsa kuma bai manta ba. Shi ya koya min yin burodi a gida, da wasa da dariya, don yara su ɗan huta da ɗumame ranar Juma'a. Ba mu da inji, ba mu da murhun gashi. Wannan fulawar dai da ake aunawa a kwano a kasuwa, ta fanke da cincin, ita muke kwaɓawa da yis da sukari da gishiri da ɗan man gyaɗa da ruwa mai ɗumi. Yakan ce fulawar nan raguwa ce, sai ta sha wuya take aiki, don haka sai in yi ta murza kwaɓin a kan tire har kafaɗuna su yi tsami, har ya daina kama hannu, in an ja shi ya miƙe bai tsinke ba. Sai a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye kusa da randa, don kada zafi ya sa ya tashi da gaggawa ya yi tsami. In ya kumbura a raba shi a manyan gwangwanayen madara da aka shafe da mai, a jera a tukunyar ƙarfe mai yashi a gindi, wuta a ƙasa, garwashi a kan murfi. 'Yar farina ɓawon ƙasa take so, wanda ya yi ja ya ƙandare. Ba zan iya miƙa mata ba, sai in ɓare in ajiye a kan faifai kamar na manta, in juya baya. Da na waiwayo babu shi. Iyakar soyayyar da na iya nuna mata ke nan.

Zazzaɓi ya kwantar da mijina a tsakiyar damina, kafin mu ankara ya tafi. Duk manomi ya san lokacin, rumbu ya kusa ƙasa, gero bai nuna ba. Bayan sadakar bakwai dangi suka zauna, wan mijina, wato baffan yarana, ya ce za a yi yadda aka saba, a raba marayu. Babbar za ta bi gwaggonta, ƙanwar mijina, da ke aure a Dawanau. Namijin zai koma wajensa, jaririyar ta zauna da ni har a yaye ta. Ina daga ƙuryar ɗaki na lulluɓe. Da aka zo kan yaron ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce ba shi da ƙoshin lafiya, a bar min shi tukuna, aka ce to, zuwa wani lokaci. Da aka zo kan yarinyar sai gwaggon ta leƙo tana tsokanata, wai ko ina da ta cewa a kan 'yar tawa. Mata suka yi dariya, don kowa ya san uwa ba ta da baki a kan ɗan fari. Ni kuma, Allah ya yafe min, na ce ai tasu ce. Da za su tafi yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa da ledar kayanta tana kallona, ni kuma ina kallon tabarma har na ji tashin motar.

Tsofaffi suka ɗora ni a kan takaba irin tasu. Aka ba ni 'yar wuƙa in riƙe, aka ce kada in ɗaga murya, kada in yi dariya, kada a ga ina kai da kawo a tsakar gida. Duk na bi. Da farko kwanukan abinci suna shigowa daga ko'ina, sannu a hankali suka fara raguwa, har ya zama wata ranar sai la'asar za a tuna da mu. Ban ga laifin kowa ba, su ma da ƙyar suke kaiwa. Amma yaron ya fara ramewa yana kukan yunwa, baffansa kuma ya aiko cewa ga abin da yake gudu nan, in shirya masa kayansa. A ranar ne na tuna da ragowar fulawar da mijina ya sayo kafin ya kwanta. Na kwance bakin buhun na tarar har ƙwari sun fara shiga. Washegari da sassafe na ajiye wuƙar nan a kan taga, na ɗauko rariya na tankaɗe fulawar tas, na kwaɓa. Duk baƙin cikin da ke ƙirjina a kan kwaɓin nan na sauke shi, ina murzawa ina hawaye, kuma tunda nake ban taɓa yin burodin da ya tashi kamar na ranar ba.

Ƙanshi ba ya tsayawa a katanga. Maƙwabciyata, wata dattijuwa da ke suyar ƙosai a bakin titi inda masu zuwa aiki birni ke jiran mota, ta shigo tana salati tana ce min 'yar nan me take gani haka. Ta yi faɗanta ta gama, sannan ta gutsura, sai faɗan ya tsaya. Ta ce mai babur ɗin da ke kawo wa mai shayi burodi daga birni ya daina zuwa tunda ruwa ya cinye hanya, in ma ya zo burodin ya kwana biyu. Ta kwashi sauran a kwando ta tafi da shi, kafin hantsi ta dawo da kwandon babu komai, da ƙullin gero da 'yar daddawa. A ranar na tuƙa wa 'ya'yana tuwo da hannuna, yaron ya ci har ya yi barci a gindin murhu.

Daga nan gari ya ɗauka. Uwar mijina ta zo tana kuka, wai ƙasar kabarin ɗanta ba ta bushe ba ina nan ina kasuwanci, hayaƙi yana tashi a gidan mamaci kamar ana biki. Ni dai ban kashe wutar ba. Sai aka ɓullo da wata, ban san bakin da ta fara fitowa ba, wai duk namijin da ya ci burodin mai takaba to matarsa ce za ta yi takaba ta gaba. Mata suka hana mazansu. Kwando ya riƙa dawowa a cike, ina yankawa ina shanyawa muna jiƙawa a kunu. Rannan baffan yarana ya zo ya tsaya a zaure, ya ce in zaɓa, ko in daina zubar musu da mutunci ko in miƙo yaron yanzu. Mutumin nan tunda aka kawo ni gidan bai taɓa jin muryata sosai ba, ranar ya ji, har maƙwabta ma sun ji. Daga bayan labule na ce masa duk mai son wutar nan ta mutu ya riƙa aiko da kwanon gero kullum safiya, in ba zai iya ba ya bar ni da tukunyata. Na ce ba ni na kashe musu ɗan'uwa ba, ba kuma zan zauna riƙe da wuƙa yunwa ta kashe masa 'ya'ya ba. In kuwa addini ne ya hana, ga liman can, ya je ya tambayo.

Ya je kuwa, don ya kunyata ni. Liman ya ce shi bai ga inda aka hana mai takaba sana'a a cikin gidanta ba, ajali kuma ba a burodi yake zuwa ba. Mai shayin ma ya taya ni da nasa iya shegen, kullum safe sai ya ɗauki guda ya cinye a gaban jama'a, yana cewa shi gwauro ne, ba shi da matar da zai bari. Mutane suka yi dariya, daga dariya kuma aka koma saye. Har dattawan da suka fi kowa neman tsari da burodin suka riƙa raɗa wa mai ƙosai ta sa musu a baƙar leda. Maganar ɗaukar yaro ta mutu, ba a sake tayar da ita ba.

Sai dai ni ban samu sukuni ba. Duk gashin da na yi, hannuna da kansa yake ɓare ɓawon ƙasa ya ajiye a kan faifai, in juya baya, in waiwayo in tarar da shi, sai kaji su zo su tsattsage. Na tsaya wa yaro, na tsaya wa tukunya, na yi wa wan miji tsawa gari yana ji, amma a kan yarinyar nan ko tari ban yi ba. Wata rana mai ƙosai ta je Dawanau sayen wake ta biya ta gidan. Ta dawo ta ce min gaskiya ba a dukanta, ba a hana ta abinci, sai dai an cire ta daga makaranta tana raino. Sannan ta ce da ta tambaye ta ko tana kewar gida, yarinyar ta ce ai Innarta ce ta bayar da ita, don dama ba ta sonta. Maganar nan ta fi mutuwar mijina yi min ciwo, don mutuwa daga Allah ce, wannan kuwa ni na yi da bakina.

Ranar da na fita takaba kowa yana jiran in zaga dangi godiya. Ni kuwa na yi gashi, na naɗe burodi a zani, na goya jaririyata na hau motar Dawanau. Na tarar da tsakar gidan cike da mata suna tsintar wake, ita kuma tana can bakin rijiya ta ba ni baya, goye da ɗan gwaggonta tana wanke-wanke. Ban gama sallama ba na buɗe baki na kira sunanta da ƙarfi. Gwaggon ta dafe ƙirji. Yarinyar ba ta juyo ba. Na sake kira, sai ta ɗago tana duban matan nan ɗaya bayan ɗaya, tana neman wadda ta kira ta. Ta san muryata, ta san sunanta, amma ba ta taɓa jin su tare ba. Sai da na ƙarasa har gabanta na sake faɗa, sannan ta tambaye ni a hankali wai da ita nake. Na kwance zanin, na ɓare ɓawon ƙasa, na sa mata a hannu ina kallon idonta. Gwaggon ta tashi tana cewa ashe ba ni da kunya, kuma abin da aka bayar ba a karɓa. Na ce mata Gwaggo, kunyar an binne ta tare da ɗan'uwanki. Na kwance mata ɗanta daga bayan 'yata na miƙa mata, na yi godiyar riƙo, muka fito.

Shekaru sun wuce. Har yau akwai masu kirana fitsararriya a garin nan, uwar mijina ma har ta koma ga Allah ba ta gama huce min ba. Su yi ta faɗa, ko a jikina. Ban yi nadamar burodi ko guda ba, da shi na ciyar da marayuna na mayar da su makaranta, kuma in aka mayar da ni ranar zan sake ajiye wuƙar in ɗauki rariya. Nadamata ɗaya ce, kalmar nan da na faɗa daga ƙuryar ɗaki don a ce ina da kunya.

'Yan'uwana mata, ku koyi abin da hannu zai iya tun mazanku na raye, ko da kwano ɗaya na fulawa ne. In takaba ta same ku, ku tambayi malamai abin da Allah ya ce, kada ku tsaya ga abin da tsofaffi suka ji a bakin tsofaffi. Mai ɗan fari kuma ta kira shi da sunansa yau, a gaban ko waye, don yaro bai san alkunya ba, abin da ya gani shi yake ɗauka. 'Yata yanzu ta zama budurwa, ta fi ni iya murza kwaɓi, ba ta taɓa tayar min da maganar ba. Amma har gobe in na kira sunanta sai ta ɗan yi jim kafin ta amsa.