Ranar da Baba Ya Ari Kunnena

Babanmu shekararsa arba'in yana gyaran gita mai lantarki a wani ɗan shago da ko mutum uku ba ya ɗauka. Benci ɗaya, tsohuwar lasifika, ƙarfen narka dalma, sai gwangwanin biskit cike da bolum, wato ɗan abin murzawar nan da ake ƙara sauti da shi ko a rage. Makaɗa kuwa ba su san shi da wani suna ba sai Kunne.

Ba a banza ya ci sunan ba. Idan aka kawo gita mai tagwayen maganaɗisu, irin mai kaurin muryar nan, bolum mai lamba ɗari biyar yake sa mata, don ƙarami yana dusashe ta. Amma lamba kaɗai ba ta ishe shi. Sai ya zube goma a benci, ya jona su ɗaya bayan ɗaya, ya rufe ido yana murzawa. Wanda sautinsa ya taso a hankali shi ne nasa. Wanda ya yi tsalle kuwa, sai kwandon shara. Akwai harafi a bayan kowanne da ke faɗin irinsa, amma Baba ko kallo. "Rubutu na wanda ba shi da kunne ne," in ji shi. Kai, Baba da fankama!

Ni ce babbar 'yarsa, shagon ɗinkina na jikin nasa, saboda haka ni na fara lura kunnensa ya yi nauyi. Rediyonsa ya fara cika layi. In yi sallama sau uku, shiru. Na yi gum, don na san halin kayana.

Rannan sai ga Dogo, makaɗin da ya shekara ashirin yana kawo masa aiki. Shi da ɗan ƙaramin yatsa yake murza bolum yana kiɗa, sautin ya riƙa shigowa sannu-sannu, kuma abincinsa ke nan. Kwana biyu da Baba ya sa masa sabon bolum, ya dawo da gitar.

"Baba, wannan fa tsalle yake. Daga shiru sai ihu."

"Yatsanka ne ya tsufa," Baba ya ce, ya juya baya yana neman sukundireba.

Dogo ya sassauta murya: "Ko dai a duba harafin?"

Baba bai waiwayo ba. Ba fushi ba ne, bai ji ba ne kawai. Dogo ya dube ni a bakin ƙofa, na sunkuyar da kai. Wallahi tausayi ya kama ni har na ji haushin Dogo, alhali ba laifinsa. Ya ajiye gitar ya fita sumui-sumui.

Da Baba ya buɗe gitar, harafin bolum ɗin ya nuna irin da Baba ya shekara arba'in yana jefarwa ne. Ya daɗe yana juya abin a tafin hannu. Na zaci ranar zai sa wa shagon kwaɗo.

Can sai ya zube gwangwanin, ya turo min kujera. "Zauna, uwata. Rufe ido. In ya yi tsalle ki ɗaga hannu."

Na farko na ɗaga. Na biyu na ɗaga. Ya yi tsaki: "Ke dai akwai tsegumi, kamar uwarki." A na shida sautin ya taso lallausa tun daga ƙasa har sama, hannuna bai motsa ba. Na buɗe ido, na tarar ashe ba bolum yake kallo ba, fuskata ya ƙura wa ido.

Mutumin da bai taɓa tambayar kowa ra'ayi a kan sauti ba ya matso kusa.

"Ya yi?"

"Ya yi, Baba."

"Ɗaga murya, uwata," ya ce. "Ina so in ji."