Ranar da Gwani ya zaunar da Baba

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a cikin birnin Katsina a zamaninmu ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifina ba ya kiran sunana. Idan yana son in yi wani abu, sai ya dubi bango ya ce, "Ku ce ma yaron nan shi ɗauko buta," ko da kuwa daga ni sai shi a zauren. In na durƙusa gaishe shi, amsar ba ta wuce "lahiya" guda ɗaya, ita ma yana kallon wani wuri. Ƙannena kuwa har cinyarsa suke hawa suna ja masa gemu. Mutane suna yabonsa, wai dattijo ne mai kunya. Ni dai ban taɓa jin daɗin wannan kunyar ba, na sha cin fushi da ita a raina. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: ya juyo ya yi mini magana, ni, ba bango ba.

Ko labarin ƙwallonsa ba a bakinsa na ji ba. Amininsa ne ya ba ni, wani wanzami na Ƙofar Marusa da muke ce wa Baba Wanzami, mutum mai surutu kamar ya ari baki. Ya ce tun kafin a haife ni, lokacin da Baba yake kafinta a En'e, wato hukumar gargajiya, shi ne mai tsaron baya da babu irinsa a garin nan. Har an taɓa zaɓensa cikin 'yan wasan Arewa da suka kara da na Kudu a Kaduna, kuma a can ya yi gaba da gaba da Gwani. Haka masu son ƙwallo na garinmu suke kiran wannan ɗan wasan, ba sa faɗin sunansa. Ƙafarsa ta hagu ita ce abin tsoro, ba takalmi, sai ɗan ƙyalle ɗaure a idon sawu. In na tambayi yadda aka ƙare, sai Baba Wanzami ya kaɗa askarsa ya ce, "Tsohonka ya riƙe shi, ƙwarai kuwa." Daga nan sai ya canja zance.

Sai ga shekarun da kuɗin mai suka shigo. Gari ya ruɗe da siminti da 'yan kwangila, kowa ka gani da rediyo mai kaset a kafaɗa, jirgi yana ta kwasar mutane zuwa Makka. Ina koyarwa a firamare aka yi mana ƙarin albashi har da ariyas na watannin baya. Abokaina suka sayi babura. Ni kuwa, da shegen son a sani, na sayo talabijin mai baƙi da fari, na kafa eriya a kan dogon bututun ƙarfe bisa soro, har daga Ƙofar Ƙaura ana hango ta. Da Baba ya ji, sai ya gaya wa bango cewa yaron nan ya rasa abin saye sai akwatin da mutane ke rawa a ciki. Bai taɓa leƙa ɗakina ba, da ma ba zai leƙa ba.

Wata rana aka sanar cewa ran Asabar da la'asar sakaliya za a nuna fim na tarihin rayuwar Gwani. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga unguwa. Ran Juma'a bayan an sauko, Baba Wanzami ya tare ni a ƙofar gida.

"Ɗana, ka san tsohonka ba shi shiga ɗakinka ko za a kashe shi. Ka hito da akwatin nan zaure."

"Shi ya ce?"

"Shi bai ce ba. Amma tun jiya ya tambaye ni yau wace rana har sau nawa."

A lokacin yanar ido ta fara rufe idanun Baba. Yana gane haske da inuwar mutum, amma ba ya rabe fuska sai an matso. Na san ba zai ga abin kirki ba, amma na kinkimi akwatin na kai zaure, na ɗora a kan teburin aikinsa, na jawo waya daga ɗakina.

Zauren ya cika har waje. Samari masu tarin suma da wanduna masu faɗin ƙafa suka tsaya a baya, irin waɗanda suka haddace 'yan wasan Ingila a rediyo. Dattawa suka zauna a tabarma, Baba a tsakiyarsu, ya sha farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Wani maƙwabcinmu ya hau soro yana juya eriya, mu muna ihu daga ƙasa, "Ya yi! A'a, ya ɓace! Koma baya kaɗan!" Hoton yana zuwa daga nesa, sai yayyafi yake yi. Da aka fara kuma sai ga shi duk bayanin da Turanci ne. Aka ce malamin makaranta ya yi tafinta. Na tsaya a gefen akwatin ina fassara wa jama'a, amma Allah ya sani, mutum ɗaya nake yi wa.

An nuna layin da aka haifi Gwani, da filin bayan tashar jirgin ƙasa inda ya fara buga lemun tsami da ƙwallon tsumma. Da aka zo tsofaffin wasanni, samari suka fara tsiya. Wani ya ce waɗannan ai tseren kaji suke yi, dubi wandunansu har gwiwa. Wani mahauci da ke zaune gaba ya juyo a fusace ya ce, "Kai da takalminka mai ƙusa, in ya buga maka ƙwallo ɗaya sai an kai ka wajen mai ɗori." Ya rantse cewa ya ji daga wanda ya gani da idonsa, Gwani ya taɓa karya sandar gola. Wani ya ce ai laya ce ɗinke a cikin ƙyallen. Ana ta musu, har Gwani ya yanke mutum uku ya zura ƙwallo, sai zauren ya ɗauki sowa gaba ɗaya, har da masu tsiyar. Baba yana karkato kunne. Can ya ce, "Ku tambaye shi, mi Baturen ya ce yanzu?" Na amsa wa jama'a da ƙarfi.

Sai mai bayanin ya ambaci Kaduna. Na fassara. Ga Gwani ya taho da ƙwallo ta gefen hagu, ga wani dogon saurayi siriri ya fito ya tare shi, ya buɗe hannuwa, ya ɗan rusuna. Ban taɓa ganin hoton Baba yana saurayi ba, amma wannan tsayuwar na san ta, haka yake tsayawa in zai ɗaga katako. Gwani ya yi kamar zai bi dama, ya bi hagu. Dogon saurayin ya zauna daɓas a ƙasa, ƙafafu a sama.

Zaure ya fashe da dariya. "Ya zaunar da shi! Wallahi ya zaunar da shi!" Samari suna tafa hannu, wani har da riƙe ciki. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ji kamar in zare wayar in kore su duka.

"Wa ya hwaɗi?" in ji Baba.

Baba Wanzami ya yi ta gyaran murya, sannan ya ce, "To, Malam, kai ne."

Samari suka fara sunkuyar da kai. Sai Baba ya tuntsire da dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har hularsa ta zame. Yana share ido yana cewa, "Ku maido shi! Ku ce mashi shi maido wurin, in matso kusa!" Ya ɗauka irin majigi ne, da ake roƙon mai na'ura ya mayar da faifai baya. Baba Wanzami ya yi masa bayani cewa wannan daga can ake sako shi, in ya wuce ya wuce. Kuma ya wuce ɗin, don ba a sake nuna fim ɗin ba. Daga baya na yi cigiyarsa har na gaji, ban sami wanda ya san inda yake ba.

Ƙarshen fim ɗin bai yi wa kowa daɗi ba. An nuna Gwani ya tsufa, yana zaune a ƙofar wani ɗan ɗaki da sanda a hannu, ƙafar hagun nan ta kumbura. Mahaucin ya yi tsaki ya ce ƙasa tana ta amai da kuɗi, a bar mutum irin wannan haka. Wani dattijo ya ce da ba su nuna wannan wurin ba, da sun bar mana shi yana gudu. Aka fita ana ta gardama, kowa ya nufi alwalar magariba. Baba Wanzami ma ya tashi, ban sani ba ko da gangan ya yi.

Ina tsugune ina naɗe waya, na ba shi baya, sai na ji ya ce, "Kai."

Na waiga in ga wa ya shigo. Babu kowa. Fuskarsa tana wajena.

"Kai ka gan ni?"

"Na gan ka, Baba."

"Yaya nike?"

Na ce dogo ne, siriri, da suma, kuma ya fi Gwani tsawo nesa. Na ce ya tare shi babu tsoro. Ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi.

"Sun nuna na tashi?"

"A'a, Baba. Hoton ya bi ƙwallo."

Sai ya miƙo hannu yana lalube har ya kamo tsintsiyar hannuna, ya riƙe gam, hannun nan mai kanta da ban taɓa sanin ɗuminsa ba.

"To, na tashi. Na bi shi har gaban gola, na taɓa rigarshi ma. Su ba su nuna ba, amma kai ka sani."

Na ce na sani. Ladan yana ta kira, ni kuwa ina tsugune ina roƙon Allah a raina kada ya saki hannun tukuna.