Ɗanyar Fata a Ƙarƙashin Lori

Shekarar da Kawu ya sayar da jakunansa ya sayi tsohuwar lori, ni ɗalibi ne, ban san komai ba sai littattafai. Saƙo ya zo unguwarmu ta Zango cewa ƙanwar Kaka tana kwance a Salaga, tana kiran sunanta. Aka ce in raka Kaka a lorin Kawu mai kai goro arewa.

Da safen tafiya aka ga ƙusoshi biyu sun karye, na ƙarfen nan da ya gitta ƙarƙashin mota yana tallafe da akwatin giya. Na durƙusa na leƙa. Ban gane abin da nake kallo ba.

Direban, Ba'asante ne, ya ce a jira ƙusoshin kanti daga Adum, unguwar kantuna, sai jirgin ƙasa ya kawo su, ko da mako guda ne. Maƙerin unguwa ya ce zai ƙera wasu kafin jibi, amma bai yi alkawarin za su jure ba. Kawu ya yi tsaki.

"Na ɗaure kaya tun daga Kano ba su kwance ba. A kawo ɗanyar fata!"

Ya jiƙa ta, ya naɗe ƙarfen tam, zafin injin ya busar da ita har ta ƙame kamar itace. Direba ya buga mata guduma, ba ta motsa ba.

Duk suka juyo gare ni, don ni aka damƙa wa Kaka. Kowa ya yi magana sai in ji shi ne mai gaskiya.

"Mai gidana," in ji Kaka, "za ka kai ni, ko in nemi wani mijin?"

Aka yi dariya. Na ce mu tafi, ban kuma san dalilina ba.

Ɗaurin ya riƙe. Sai dai Kawu ya ajiye huhun goronsa mafi kyau a gaba, wajen ƙafafunmu, kuma duk inda aka tsaya sai ya yayyafa masa ruwa kada ya bushe, yadda fatake suka saba. Ni ma na taya shi, a tsanake, kusurwa-kusurwa. Ruwan yana bin tsagar katako yana ɗiga a kan fatar. Ba wanda ya lura.

Muna gab da gangaren Mampong giya ta fara kuka, sandarta ta nutse a hannun direba. Ya taka birki, ya sauka, ya dawo da fatar a hannu, laushi kamar tsumma.

"Kawu, kayanka ya kwance."

"Ba a taɓa yi ba!" in ji Kawu, yana jujjuya ta.

Direba ya ce ko taku ɗaya ba zai ƙara ba. Muka kwana biyu a ƙauyen bakin hanya kafin wata mota ta ɗauke mu.

Mun isa Salaga ana zaman makoki. An yi jana'iza jiya, aka ce. Da mun jira ƙusoshin kanti, da ko zaman makokin ba mu tarar ba. Na maƙeri kuwa, har yau ban sani ba ko da sun kai mu.

Kaka ta zauna cikin mata. Can ta aiko a tambaye ni ko na ci abinci.